Tambayoyinku kan Fasaha: Sauraron Simfonin Rasha a Waya da Kwamfuta

Saƙonni huɗu na ware a wannan karon domin duk sun taru a kan abu guda, wato yadda za a saurari dogon kiɗan nan na Rasha da ake kira simfoni, wanda makaɗa tamanin zuwa ɗari suke yi tare a ƙarƙashin jagora ɗaya. Na taƙaita tambayoyin, amma ban sauya ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na sauke simfoni ta shida ta Tchaikovsky, amma a farkonta ba na jin komai sai na ƙure muryar wayar, can kuma sai ƙara ta fashe mini a kunne kamar an banko ƙofa. Shin fayil ɗin ne ya lalace ko kuwa wayar ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, wayarka ma haka, abin da ka ji shi ne ainihin abin da mai kiɗan ya rubuta. Tchaikovsky, wanda ake furta sunansa Caikofski, ya jagoranci wannan simfoni da kansa a karon farko ranar 28 ga Oktoban 1893 a birnin San Fitasbag, kwana tara kafin mutuwarsa. Ya buɗe ta ne da wata doguwar busa ta katako mai kaurin murya da ake kira basun, tana tafe a hankali a kan manyan gogen da suka fi kowane kauri. Wajen minti tara zuwa goma da farawa akwai inda ya rubuta harafin p har sau shida a jere, alhali makaɗa sun saba ganin biyu ko uku idan ana son a sassauta ƙwarai, kuma daga wannan shirun ne dukan makaɗan suke faɗowa lokaci guda da iyakar ƙarfinsu. Nan ne aka banko maka ƙofar, kuma da gangan aka yi.

Matsalar ita ce an tsara wayoyinmu da manhajojinsu ne domin waƙoƙin minti uku zuwa biyar, waɗanda tun a situdiyo ake matse sautinsu ya zama kusan ƙarfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, yadda za a ji su a kasuwa ko a cikin mota. Ita simfoni ba a matse ta haka, tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ita ce rabin daɗinta. Sifikar waya kuwa ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, shi ya sa farkon ya ɓace maka gaba ɗaya.

Ka nemi iyafis mai roba wanda yake toshe kunne, ko babban abin ji mai rufe kunnuwa, sannan ka zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit, domin ƙarar janareto ko fanka kaɗai ta isa ta haɗiye wuraren da aka sassauta. Ga dabarar da nake amfani da ita: kafin na fara, sai na tsallaka zuwa ƙarshen kashi na uku cikin kashi huɗu na simfonin, inda kiɗan yake tafiya kamar faretin soja da cikakken ƙarfi, na saita muryar a inda ba ta cutar da kunnena, sannan na dawo farko ban sake taɓa maɓallin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 a ma'aunin ƙarfin sauti na tsawon sa'o'i 40 a mako shi ne iyakar da babban mutum zai saurara ba tare da ya yi wa jinsa illa ba, don haka ƙure murya a wurin shiru a bar tsawa ta same ka a haka ba ƙaramin ganganci ba ne.

Bayan haka ka shiga saitin sauti ka kashe duk abin da ke ƙara kauri ko yake yi wa sauti kwalliya, irin su DTS da Dolby da wasu wayoyi suke zuwa da su a kunne. Idan kana biyan Spotify, akwai matakan ƙara guda uku a saitinsa, kuma wanda aka rubuta wa Loud yana danne wuraren tsawa, saboda haka ka bar shi a Normal ko Quiet. Ka kuma duba cewa ba a kunna Mono audio ba a sashen taimaka wa masu lalurar ji, domin yana haɗe kunnen hagu da na dama ya zama abu ɗaya. Akwai dalilin da ya sa na damu da wannan: a farkon kashi na huɗu, Tchaikovsky ya raba amon tsakanin rukunin masu goge na farko da na biyu, wannan ya ja sauti ɗaya wancan ya ja na gaba, kuma a zamaninsa rukunan biyu suna zaune ne ɗaya a hagu ɗaya a dama. A faifan da aka zaunar da makaɗa haka, za ka ji amon yana kai-komo tsakanin kunnuwanka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Yayana ya ce sauraron irin wannan kiɗa a MP3 ɓata lokaci ne, dole sai FLAC. Ni kuma data tana yi mini tsada.

Amsa: Barka kadai ƙanwata. Yayanki yana da gaskiya a takarda, amma bari mu yi lissafi. Simfoni mai minti 45 a MP3 na kilobit 128 tana cin kusan megabayit 43, a kilobit 320 kuma kusan 108. A ingancin faifan CD ba tare da matsewa ba ta haura megabayit 470, FLAC kuwa yana rage wannan zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba. A kilobit 128 kunne mai lura zai ji masu goge sun ɗan yi kaushi, amma daga 256 zuwa 320 mafi yawan mutane ba sa iya bambancewa da FLAC, balle a iyafis na kasuwa. Idan ma da Bluetooth kike saurare, wayar tana sake matse sautin kafin ta tura shi, ko da wace hanyar matsewa take amfani, SBC ko AAC, hatta LDAC da ya fi su yalwa iyakarsa kilobit 990, bai kai 1,411 na CD ba. Ki sauke a 320 lokacin da kika samu waya-fai ko garaɓasar dare, kuɗin da kika rage ki ƙara a sayen iyafis mai kyau, a nan ne za ki ji bambanci na gaske.

Tambaya: Malam, idan na nemi simfoni ɗaya sai sakamako ya fito fiye da ɗari, tsawonsu ma ba ɗaya ba. Wanda na sauke kuma ya zo gunduwa huɗu, wayar tana kunna su a hargitse. Wanne ne na asali? Daga mai bibiyarka a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, a wannan fagen babu faifai na asali irin yadda muka sani ga mawaƙin da ya rera waƙarsa da bakinsa. Mai tsara kiɗan rubutawa ya yi a takarda, kowane jagora kuma yana karanta takardar da fahimtarsa, wani ya yi sauri wani ya ja, shi ya sa tsawon yake bambanta da minti uku ko biyar. Wani lokacin bambancin ya fi haka: simfoni ta biyu ta Rachmaninoff, wani mai tsara kiɗan na Rasha, wadda aka fara yi a 1908, tana kai kusan sa'a guda idan an yi ta cikakkiya, amma shekaru da dama jagorori suna datse ta, don haka idan ka ga wadda ba ta wuce minti 45 ba, to an yanke mata wasu wurare ne. Ɗaukar da André Previn ya yi da makaɗan Landan a 1973 tana cikin waɗanda suka dawo da martabar cikakkiyar.

Gunduwoyin da ka gani su ne kashe-kashen simfonin, galibi huɗu, kuma jerinsu kamar babukan littafi ne, ba a fara na uku kafin na ɗaya. Ka kashe Shuffle, ka kashe Crossfade wanda yake cusa ƙarshen wani kashi cikin farkon na gaba, ka kunna Gapless wanda yake hana shiru tsakanin kashi da kashi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a simfoni ta goma sha ɗaya ta 1957 ta Shostakovich, mai tsara kiɗa na zamanin Sobiyet, wadda kashinta huɗu suke manne babu tsayawa, ta yadda shirun daƙiƙa biyu da manhaja za ta saka a tsakani zai tsinke zaren. Idan fayilolin a memori suke, ka sa 01, 02, 03, 04 a farkon sunayensu. Ka kuma cire manhajar daga jerin waɗanda tsimin batir yake kashewa idan fuskar waya ta mutu, in ba haka ba kiɗan zai tsaya maka a tsakiya.

Wajen nema, rubutun sunan yana rikitarwa domin daga haruffan Rashanci aka juyo shi: Jamusawa suna rubuta Tschaikowsky da Schostakowitsch, Faransawa kuma Chostakovitch. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar aikin, saboda haka ka haɗa da ita: Op. 74 ga ta shida ta Tchaikovsky, Op. 47 ga ta biyar ta Shostakovich, Op. 60 ga ta bakwai. Manhajojin Idagio da Apple Music Classical, wadda ta fito a 2023, an gina su ne domin a nemi kiɗa ta sunan mai tsarawa da jagora da ƙungiya, sun fi sauran sauƙi a nan.

Idan kuwa ra'ayina kake so, ka fara da Yevgeny Mravinsky, wanda ya jagoranci makaɗan Leningirad shekara hamsin, daga 1938 zuwa 1988. A 1960 kamfanin Deutsche Grammophon ya ɗauke shi a Landan da Biyana yana yin simfoni ta huɗu da ta biyar da ta shida ta Tchaikovsky, kuma har yau ban ji wanda ya kamo shi a zafi da daidaito ba. Za ka ji ɗan huci a bayan sautin, na tef ɗin zamanin ne, za ka kuma ji masu ƙaho suna da wata kaifin murya mai karkarwa wadda makaɗan Sobiyet suka shahara da ita, kada ka ɗauka sifika ce ta fashe. Ga Shostakovich, wanda ya bar simfoni goma sha biyar, Kirill Kondrashin ya ɗauke su duka da makaɗan Mosko. Ka sani an mayar wa Leningirad tsohon sunanta na San Fitasbag a 1991, don haka ƙungiya ɗaya ce za ka gani da sunaye biyu. Ta bakwai ɗin nan ta Shostakovich, a ranar 9 ga Agustan 1942 aka yi ta a cikin Leningirad alhali sojojin Jamus sun kewaye birnin, makaɗan da suka rame saboda yunwa suna bin jagorancin Karl Eliasberg, aka watsa ta ta lasifikokin kan titi har zuwa wajen da abokan gaba suke. A kashinta na farko wata ƙaramar gangar soja tana farawa can ƙasa-ƙasa, tana ta ƙaruwa fiye da minti goma, kuma duk wanda ya ƙara murya a farkon wannan wurin zai yi nadama kafin ƙarshensa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifinmu marigayi ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyet, ya bar mana kwali cike da faya-fayan garmaho masu rubutun Rashanci. Ta yaya zan mayar da su cikin kwamfuta? Daga Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Ka duba tsakiyar faya-fayan, da alama za ka ga kalmar Мелодия, wato Melodiya, kamfanin gwamnatin Sobiyet da aka kafa a 1964, wanda ya ɗauki Kondrashin da Yevgeny Svetlanov da sauran manyan jagororin ƙasar. Kafin ka kashe ko sisi, ka haska rubutun bangon da kyamarar Google Translate ka san abin da ke ciki, sannan ka neme shi a intanet, domin kamfanin ya sake fitar da da yawa daga tsofaffin ayyukansa daga tef ɗin asali, kuma za su fi abin da za ka kwafa a gida tsabta. Waɗanda ba ka samu ba, ko waɗanda kake son jin su yadda Baba ya ji su, su za ka kwafa.

Ka fara da ceto faya-fayan kansu. Zafi yana lanƙwasa su, ƙurar hunturu kuma tana shiga cikin layukan, saboda haka ka fitar da su daga sito, ka jera su a tsaye a ɗaki mai sanyi, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba. Ka goge su da ƙyalle mai laushi da tataccen ruwa irin na batir wanda ba a zuba wa asid ba, kana bin zagayen layukan, kada kananzir ko fetur su kusance su. Kada kuma ka ɗora su a tsohuwar na'urar Baba sai an sauya allura, domin dakusasshiyar allura tana cinye faifai.

Hanya mafi sauƙi ita ce na'urar juya faifai mai kafar USB. Idan tsohuwa ce za ka yi amfani da ita, sai ka sa ƙaramin akwatin ƙara ƙarfin sautin allura a tsakaninta da kwamfuta, in ba haka ba sautin zai fito siriri marar kauri. Ka saita gudun faifan a juyi 33 a minti, ka buɗe manhajar Audacity wadda kyauta ce, ka saita ingancin ɗauka (Sample Rate) a 44,100, ka gwada da wurin da ya fi ƙara ka tabbata ma'aunin ƙarar da ke manhajar bai wuce wajen -6 ba. Manhajar tana da abin rage huci da ƙas-ƙas, amma ka taɓa shi kaɗan, domin idan ka matsa yana tafiya da siririn sautin goge tare da hucin. Kowane gefe na faifan yana ɗaukar minti 20 zuwa 25, don haka simfoni ɗaya za ta zo maka a gefe biyu ko fiye. Ka haɗa su, ka yanka a farkon kowane kashi, ka adana a FLAC, sannan ka ɗauki hoton bangon gaba da baya ka ajiye a jaka ɗaya da fayilolin, ka kwafi jakar a wuri na biyu.