Tsohon injin jirgina yana cinye mini riba: in gyara ko in ci bashi in sayi sabo?

Wani ɗan kasuwa mai jigilar albasa da banda a Yauri ya aiko da tambaya. Yana da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, ya haura shekara goma sha biyar a hannunsa. Yanzu shan mai ya ƙaru, yana tari, da an sa giya sai ya mutu. Sau biyu makanike yana taɓa masa tayimin, wato saitin lokacin da wuta ke zuwa wa fulogi, ba ta canza zani ba. Shin ya rabu da shi ya ci bashi ya sayi sabo?

Alhaji, kada ka ci bashin nan tukuna. Abu ɗaya ne zai raba wannan gardama, kuma kuɗinsa kaɗan ne: a gwada ƙarfin matsin silinda. Injinka silinda biyu gare shi. Makanike zai cire fulogi, ya ɗaura agogon gwaji a gurbinsa, ya ja igiya. Idan biyun sun ba da lamba mai kyau kuma kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, zuciyar injin lafiya lau take, sauran duk ƙananan gyare-gyare ne. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, galibi fistin ko zobensa ne ya tafi, kuma ko shekara za a yi ana murɗa kafireta asarar kuɗi ce kawai.

In matsi ya yi kyau, a fara daga mai araha. Alamomin da ka lissafa sun fi kama da ciwon kafireta. Man jarka da ake saye a bakin ruwa yakan zo da datti da ruwa, ga kuma man da ya kwana biyu a ciki, wanda kan daskare ya toshe ƙaramar kafar da ke shayar da inji lokacin da yake tafiya a hankali. Wannan kafar kamar hancin allura take. Ita ce in ta toshe, inji ke mutuwa da an sa giya. A kwance kafiretar gaba ɗaya a wanke, a hura iska, a duba ɗan tulun da ke yawo a cikin kwanon mai da allurarsa, don in allurar ta cinye mai zai riƙa malala. Kada a zura waya a kafofin, tana buɗa su. Sukurin daidaita mai kuwa a murɗa shi a hankali har ya zauna, a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi, sannan a ƙarasa saiti jirgi yana kan ruwa, inji ya yi zafi, giya a ciki.

Ka cire fulogi ka duba da idonka. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa. Ruwan ƙasa kamar gasasshen burodi, daidai ke nan. Fari fat kuwa haɗari ne, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, masu jirage da yawa ke sa makanike ya matse mai don a rage sha. A irin injinka, baƙin mai tare da fetur yake shiga. Ka matse fetur, ka matse abin da ke shafe fistin. Tanadin lita biyu ya jawo maka sabon fistin da mako guda ba fita. Haɗin baƙin mai da fetur ma a kiyaye: ɗaya cikin hamsin, wato rabin litar baƙin mai a tanki mai lita 25.

Tayimin shi ne na ƙarshe, don ba ya gocewa haka siddan. Ka tuna, farfela ta taɓa dukan kututture? Tafkin Kainji cike yake da itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968. Irin wannan duka yakan karya ɗan ƙarfen da ke riƙe babban faifan saman inji a mazauninsa, sai wuta ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Ɗan ƙarfen nan bai kai ƙaramin yatsa ba. Makaniken da ke saita tayimin da kunne, ba fitilar gwaji ba littafin inji, ka karɓe injinka daga hannunsa, domin wutar da ta riga lokaci tana huda fistin.

Sai lissafi. Ka sami littafi ka rubuta litar da kake ƙonawa a kowace fita, mako biyu kafin gyara da mako biyu bayansa, hanya ɗaya, lodi kusan ɗaya. A ce gyara ya rage maka lita biyar a fita, kana fita sau uku a mako: lita sittin ke nan a wata. Ka buga da farashin yau, ka ware kuɗin a asusun sabon inji, ko ka zuba a adashi. In kuwa agogo ya nuna silinda ta faɗi, ka karɓi farashin gyara daga makanikai biyu. Idan ya kai rabin kuɗin inji na hannu mai lafiya, sayar da naka ga masu kayan gyara, kuma wanda za ka saya a gwada matsinsa a gabanka kafin ka ƙirga ko sisi.