Dam ɗin Gonarka: Me Ka Mallaka, Me Ya Hau Kanka?

Wani mai karatu daga yankin Rano ya rubuto cewa ya sayi gona mai ƙaramin dam na ƙasa da tsohon mai wurin ya tare rafi ya yi. Yana so ya mayar da wurin na shaƙatawa, da rumfuna da kwale-kwale da kamun kifi. Manoman da ke ƙasa da dam ɗin sun kai ƙara wajen dagaci: da rani ya hana su ruwa, da damina suna kwana da fargaba. Tambayarsa: "Ba nawa ba ne?"

Alhaji, jingar da ta tare ruwan taka ce, idan cinikin ya inganta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, sai da yardarta ake sauya masa hannu. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma kada ka tsaya a kanta.

Ruwan kuwa wani zance ne. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta bar wa mai gonar bakin rafi ya ɗebi na gida, na dabbobi da na ban-ruwan gonarsa kyauta. Tare rafi don kasuwanci ya wuce nan. Kuma idan rafin na cikin ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya, kamar masu zuba cikin Kogin Kano su nufi Haɗeja, ikonsa na Tarayya ne. Ka fara da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatar ruwa ta jiha, ka tambayi izinin da ya wajaba, amsar kuma ta zo a rubuce.

Inda na fi jiye maka shi ne ɓallewa. Kotunanmu na aiki da ƙa'idar shari'ar Rylands da Fletcher ta Ingila, ta 1868, wadda ita ma a kan ruwan da aka tara ta taso: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya ko bai yi sakaci ba. "Haka na saye shi" ba ta fitar da kai. Ruwan sama na fitar hankali kan zama uzuri, amma ba ruwan Agusta da kowa ya san yana tafe ba. Dam ɗin Bagauda ma, da gwamnati ta gina, ya ɓalle a 1988.

Ka kawo injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya zagaya jingar: ramukan gafiya, gidan gara, saiwar bishiya, danshin da ke tsatsowa ta baya, da magudanar rarar ruwa idan yashi ya cike ta. Rahotonsa shi ne garkuwarka a gaban alƙali.

Ranar da ka fara karɓar kuɗin shiga, lafiyar baƙo ta hau wuyanka. Allon "kowa ya kula da kansa" ba ya kare ka idan yaro ya nutse. Shinge, mai gadi da ya iya iyo, rigar hana nutsewa ga duk mai hawa kwale-kwale, sannan inshora.

Manoman nan kuwa, ban ba ka shawarar kotu ba. Ku zauna gaban dagaci ku tsara ranakun sakin ruwa da rani, a rubuta, shaidu su sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma kafin ruwan fari ya sauka.