Kafin ka miƙa masa labarin nan

Ɗana, na ga saƙonka. Wai wani furodusa ya yaba labarinka, ya ce ka ba shi kawai, maganar kuɗi da suna sai an gama ɗauka. Ka kuma haɗa da tambayar yadda ake tsara fitowa, wato kowane ɓangare na fim, a takarda. Wannan ta biyun ba zan ɓata bakina a kanta ba, shekara biyu kana zaune a gefena, in ba ka iya ba laifinka ne. Ta farkon ce ta hana ni barci.

Ka taɓa jin Paddy Chayefsky? Na san ba ka taɓa ba, ku yaran yanzu jarumi kawai kuka sani. An haife shi a unguwar Bronx ta birnin New York a 1923. Ya je yaƙin duniya na biyu, nakiya ta ji masa rauni a Jamus, ya dawo gida ya kama alƙalami. A 1953 ya rubuta wa talabijin wasan Marty, labarin wani mahauci tuzuru da kullum uwarsa ke masa gorin aure. Babu bindiga, babu attajiri, mahauci ne kawai da kaɗaicinsa. Da aka mayar da shi fim a 1955 ya ci kyautar Oscar ta rubutu. Ya sake ci da The Hospital na 1971, ya ƙara da Network na 1976. Sau uku, kuma shi kaɗai ya rubuta kowanne. A tsakani yana rubuta wasannin dandali a Broadway, cibiyar gidajen wasan kwaikwayo ta New York.

Abin da nake so ka riƙe shi ne fim ɗinsa na ƙarshe, Altered States na 1980. Takardar yarjejeniyarsa ta ba shi iko kan kalmomin da ya rubuta. Da suka saɓa da darakta Ken Russell kan yadda ake tafiyar da aikin, sai ya janye sunan da duniya ta san shi da shi, aka rubuta Sidney Aaron, wato sunansa na yanka. Shi ya cire da kansa. Ni kuwa cire min aka yi.

Zamanin kaset ne. Wani furodusa, ba zan faɗi sunansa ba don yana da 'ya'ya, ya zo har zaurenmu ya durƙusa yana "Malam, kai kaɗai za ka fitar da ni kunya." Wata uku na yi ina rubutu da hannu, da fitilar ƙwai, a littattafan makaranta guda huɗu. Labarin wani tela ne da matarsa ta rasu ta bar masa jaririya. Akwai fitowar da yake ɗinka wa yarinyar kayan salla daga zanin uwarta, ni da na rubuta sai da na yi hawaye, tawadar ta ɓaci a shafin. Furodusan ya ba ni ɗan kafin alƙalami, ya ce cikon sai kaset ya fita. Na ce mu rubuta, ya ce haba Malam, tsakaninmu? Kunya ta kama ni. Na ɗauki littattafan nan huɗu na danƙa masa, ban bar ko kwafi ɗaya ba.

Bayan wata shida ina wucewa ta Ƙofar Wambai na ga fosta. Na tsaya ina karantawa, wajen "labari da tsarawa" sunan ƙaninsa ne, yaron da ko wasiƙa bai iya rubutawa ba. Na sayi kaset ɗin da kuɗina. Fitowar ɗinkin nan sun yanke ta, sun cusa rawa da waƙa a wurin, telan da ke cikin makoki yana tsalle a gindin bishiya. Na je ofishinsa sau biyar. A na biyar ya dube ni a gaban yaransa ya ce ina shaidata. Ina kuwa zan samo? Kuɗin tuni na bar wa Allah. Amma 'yata ta fari ta kalli fim ɗin a gidan maƙwabta, ta dawo tana ba ni labarinsa, ba ta san a ɗakin da take kwana aka rubuta shi ba. Wannan har gobe yana ci min rai.

Chayefsky ya rasu a 1981 yana da shekara 58, kuma har yau in aka ambaci Network sunansa ake fara kira kafin na darakta. Ku kuwa da an ce za a ɗauki hoto da ku a lokeshan, wurin ɗaukar fim, shi ke nan kun sallama aikin wata uku.

Gobe ka je ka yi kwafi biyu na labarin, ɗaya ka kawo min in ajiye. A rubuta kuɗin, a rubuta ranar biya, a rubuta yadda sunanka zai fito da cewa ba za a canza fitowa ko ɗaya ba sai da saninka. Shaidu biyu su sa hannu. In ya ce maka "haba, tsakaninmu", ka naɗe takardunka ka taho, ni zan kira shi.