Amsa Kan Sarƙar Agogon Kakanku

Ɗana, ka tambaye ni ko sarƙar agogon aljihun da kuka tarar a akwatin marigayi kakanku ta babban ɗa ce shi kaɗai, kuma ko a narkar da ita.

Miƙa wa babban ɗa agogo da sarƙarsa al'adar mutanen Ingila ce. A can suna kiran irin wannan sarƙa da sunan Albat, mijin Sarauniya Biktoriya, wanda ya rasu a 1861. Ɗan sandan ƙarfen da ke jikinta a kafar maɓallin falmaran ake soke shi, ƙugiyar kuma ta riƙe agogo a aljihu. Mu a wajenmu dukiyar gado ce. A auna ta, a yi mata kuɗi, mai so ya ɗauka cikin rabonsa da yardar sauran magada, har da gwaggwanninka.

Kafin a yi mata kuɗi, ka samo gilashin da masu gyaran agogo ke duba aiki da shi, ka duba hatimin da ke jikin sandan da ƙugiyar, wato ƙananan alamomin da aka buga don nuna irin ƙarfen da inda aka tantance shi. A mai kyau, sau da yawa kowane zobe da nasa. Zaki mai tafiya alamar azurfa ce. Lamba 375 zinariya ce mai karat 9, 625 kuwa karat 15, wanda Ingila ta daina bugawa a 1932, ka ga ta girmi wannan shekarar ke nan. Ankar jirgin ruwa na nufin a birnin Bamingam na Ingila aka tantance ta, hoton kan damisa kuma Landan. In ka ga wani launi na leƙowa a gaɓoɓi, ruwan zinariya aka yi mata kawai.

Narkarwa ban yarda da ita ba. Kuɗin nauyi kaɗai za a ba ku, hatimi da aikin hannu sun tafi.

Inda take lalacewa shi ne mahaɗar zobba, don gogayya tana cinye su har su sirance su tsinke, sai ƙugiya da ke saki. Kada maƙeri ya liƙe ta da dalma, tana cin zinariya in aka sake sa wuta. Wanki kuwa ruwan ɗumi, sabulu kaɗan da buroshi mai laushi, ban da toka ko yashi, suna shafe hatimi. A busar, a naɗe a ƙyallen auduga, kada a ɗaure da roba, tana baƙanta azurfa.

In ta tabbata zinariya ce, namiji ba ya sa ta. Mace na iya ratayawa a wuya, in ta yi gajarta a ƙara mata zobba ta baya, kada a cire sandan.

Ka gaishe da mahaifiyarka.