Filin Tambaya da Amsa: Wai da gaske Einstein ya ƙaryata Newton?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni uku zan ɗauka wannan makon duk akan fiziks, na farkon zai cinye mana fili sosai amma ya cancanta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar SS3 daga Tudun Wada a nan Gombe. Na ga wani bidiyo a TikTok mutumin yana cewa Einstein ya tabbatar duk abinda Newton ya faɗa kuskure ne. Toh dan Allah in haka ne meyasa ake ta wahalar damu da dokokin Newton, ga WAEC ga JAMB duk su ake tambaya? Ko dai tsohon yayi ake koya mana?

AMSA: 'Yata Allah ya yi miki albarka, kar ki kuskura ki ajiye littafinki saboda bidiyon nan. Dokokin da kike karantawa su ɗalibi ke karantawa a Jamus da Chana da Amurka yau ɗin nan, kuma da su injiniya ke lissafin gada da bene da dam.

Bari mu faro daga baya kaɗan don ki ga yadda abin ya taso. Kusan shekara 2000 mutane na kan maganar Aristotle na Girka cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa, kuma kinsan ido ma haka yake nuna wa mutum shi yasa maganar ta daɗe ba wanda ya ja da ita sosai. Sai Galileo na Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya ce a gwada tukuna, ya dinga gangaro da ƙwallaye akan katako yana auna lokaci har ya gano nauyi ba ruwansa da saurin faɗuwa, iska ce ke shiga tsakani. Ki gwada yau a tsakar gida, ki ɗau dutse da fallen takarda ki sake su tare, dutsen zai riga sauka, toh sai ki dunƙule takardar nan tamau ki sake sakinsu, zaki ji sun dira kusan lokaci ɗaya alhali nauyin takardar bai canza ba ko kaɗan. A 1971 ma ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata inda babu iska, tare suka sauka.

Sannan Newton na Ingila ya zo a 1687 ya fitar da littafinsa Principia, a ciki dokokin motsi ukun nan naku suke. In mai Keke Napep ya taka birki ba shiri kika ji kin tafi gaba kamar zaki bugi bayan kujerarsa, doka ta farko kenan a jikinki, keken ya tsaya jikinki bai tsaya ba. Amma babban abinda ya yi, wanda ni har yau yake burge ni, shine ya ce jan da ke faɗo da mangwaro daga bishiya shi ɗin dai ke riƙe da wata yana zagaya duniya, kuma ya bada lissafinsa. Kinsan iya ƙarfin lissafin nan? An lura duniyar Yuranus tana ɗan kaucewa daga inda ya kamata a ganta, sai wani Bafaranshe Le Verrier ya zauna da alƙalami da dokokin Newton ya ce akwai wata duniya da ba a sani ba tana janta, ga daidai inda za a duba. Ya aika wasiƙa Balin, daren 23 ga Satumba 1846 wani masanin taurari mai suna Galle ya saita madubin hangen nesa wajen, sai ga Neftun. Ilimin ƙarya baya yin wannan 'yata.

Bayan motsi sai lantarki. A 1831 Faraday ya gano in ka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya wuta na gudana a cikin wayar, kuma shikenan asirin janaretan gidanku, shine kuma abinda ke faruwa a dam ɗin Dadin Kowa nan kusa da ke, ruwan Gongola na juya injin, injin na juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, megawat 40 aka gina tashar ta bayar. Maxwell ya zo a shekarun 1860 ya haɗe lantarki da maganaɗisu a lissafi ɗaya, lissafin ya nuna masa haske ma ɗan gidansu ne, kuma gudunsa kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya.

Toh daga gudun hasken nan matsala ta ɓullo. A hankalce, mota biyu a hanyar Gombe zuwa Bauchi suna fuskantar juna kowacce na gudun 100, kowane direba zai ga ɗayan na tunkaro shi da 200, haka Newton ma zai lissafa. Amma a 1887 Michelson da Morley a Amurka suka auna haske ta fuskoki daban-daban suna jiran su ga bambanci saboda duniya na tafiya, basu ga komai ba. A 1905 Einstein, lokacin yana ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Suwizalan yana da shekara 26, ya ce a karɓi abin yadda yake: gudun haske ɗaya ne ga kowa ko kana tafe ko kana tsaye, in kuwa haka ne dole lokaci da tsawo su ne ke canzawa, agogon mai tsananin gudu yana tafiya a hankali in an gwada da na wanda ya bari a baya. A 1915 ya ƙara da cewa abu mai girma irin rana yana lanƙwasa sarari da lokacin da ke kewaye da shi, wannan lanƙwasar ce muke ji a matsayin ja.

Kuma ba yarda kawai aka yi da shi ba don ya iya magana. Duniyar Makuri, wadda ta fi kowacce kusa da rana, tana da wata 'yar kaucewa da lissafin Newton ya kasa cikewa, kuma Le Verrier ɗin nan dai shi ya fara lura da ita a 1859, lissafin Einstein ya fitar da ita cif. Sai kuma ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, masanin taurari Eddington ya taso daga Ingila ya zo tsibirin Firinsife, nan kudu da Najeriya a tekun Gini, wasu kuma suka tafi Birazil, suka ɗau hoton taurarin da ke gefen rana lokacin da ta rufe, aka ga haskensu ya karkata kamar yadda Einstein ya faɗa. Ina so ɗalibanmu su san a maƙwabtanmu aka yi wannan awon, ba kasafai ake gaya musu ba.

Yanzu ga amsar tambayarki kai tsaye. In kika ɗau lissafin Einstein kika sa masa gudun mota ko jirgi ko harsashi, amsar Newton zai baki, bambancin ƙanƙani ne har agogon hannu bazai taɓa gani ba. Sai abu ya kusanci gudun haske, ko yana kusa da abu mai tsananin girma, ko ana neman awo mai tsananin daidaito, sannan Newton ke gazawa. Sikelin da ake auna buhun masara a kasuwa bai zama na ƙarya ba don mai sayar da gwal yana da wanda ya fi shi gani, kowanne da inda ake ɗauko shi. Inda ake ɗauko na Einstein kuwa yana cikin wayarki: taurarin ɗan adam na GPS suna sama da mu da kusan kilomita 20,000, agogonsu na riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kullum, in ba a gyara wannan ba taswirar waya zata dinga kuskure da kusan kilomita 10 a rana. Ki riƙe Newton da kyau, wanda bai iya shi ba bazai gane inda Einstein ya ɗora ba.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne daga Azare, na yi ritaya daga koyarwa. Kullum sunan Turawa muke ji a wannan fanni, shin Musulmi basu taɓuka komai ba ne?

AMSA: Baba ranka ya daɗe, sun taɓuka ƙwarai. Wanda ya fi fice a wannan fannin shine Hasan Ibnul Haisam, an haife shi a Basara wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Kafin shi manyan masanan Girka irin su Euclid da Ptolemy na cewa ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓo abu, shi kuma a littafinsa Kitabul Manazir ya nuna haske ne ke tasowa daga abu ya miƙe ya shiga ido, kuma da gwaji ya nuna, da fitilu da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa. An fassara littafin zuwa Latin, masanan Turai suka yi ta karatunsa ɗaruruwan shekaru. Baba in akwai ɗaki mai rufin kwano da ƙusa ta huda a gidanka ka shiga da tsakar rana ka rufe ƙofa, zaka ga ɗigon hasken da ke ƙasa a zagaye yake ko da hudar ba zagayayya bace, hoton ranar ce kanta ya sauko. Ka nuna wa jikoki, irin gwajinsa kenan. Abinda ke damuna kawai muna yawan ambaton sunansa don alfahari amma ɗabi'arsa ta sai-an-gwada bamu ɗauka ba, makarantu nawa ne yaro zai gama SS3 bai taɓa riƙe maganaɗisu a aji ba.

TAMBAYA: Oga ni sana'ata haɗa sola a Bauchi, wajen Wunti shagonmu yake. Kwastomomi na cewa zafin rana ke cajin batir, amma ni na lura watan Afrilu da rana ta fi ƙuna in na sa mita boltej ƙasa yake yi, da sanyin safiyar hunturu kuma ya fi kyau. Meye dalili?

AMSA: Ƙanina mitarka ta fi kwastomomin gaskiya, kuma ka taɓo ɗayan reshen fiziks na zamani wanda ake ce wa kwantam. Fanel haske yake ci, zafi cutar da shi yake. A 1900 Planck na Jamus ya gano lissafi baya fita sai an ɗauka cewa ƙarfi gutsure-gutsure yake fita ba a zube ba, a 1905 kuma Einstein ya ce haske kansa ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya da iya ƙarfinta gwargwadon launinta. Da wannan ya warware wani abu da ya ɗaure wa masana kai, akwai ƙarfen da zaka haska masa jan haske komai yawansa ba ilektiron ɗin da zai fita, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da gudanarsu ce wutar lantarki, amma ɗan kaɗan na hasken da ke gaba da shuɗi a jerin launukan bakan gizo sai su fara tsalle nan take. Akan wannan aikin aka bashi kyautar Nobel ta 1921, mutane da yawa na ɗauka akan maganar lokaci da sarari ne. Daga nan Bohr a 1913, Heisenberg a 1925, Schrödinger a 1926 suka gina lissafin yadda ilektiron ke zama a cikin atom, wato ƙwayar zarra da komai ya ginu da ita, kuma da wannan lissafin aka fahimci silikon, sinadarin da ake yin fanel da shi, da danginsa har aka ƙera tiransista, wani ɗan ƙaramin makunnin wuta, a 1947, wanda yau biliyoyinsa ke cikin waya ɗaya, sannan fanel na silikon a 1954 wanda kusan kashi 6 cikin 100 kawai na hasken yake mayarwa wuta, naku na yanzu na kai 20 har da ɗoriya.

A cikin fanel ɗinka ƙwayar haske ce ke bugun ilektiron ta ɓalle shi, yadda aka haɗa silikon ɗin hawa biyu kuma ya tilasta masa bin hanya ɗaya, wutar kenan. In silikon ya yi zafi ilektiron da yawa na komawa baya tun basu fita waya ba shi yasa boltej ke sauka. Lambar da ke rubuce a bayan fanel a digiri 25 aka auna ta, kuma kusan kashi 0.4 cikin 100 yake asara a duk digiri ɗaya da ya ƙaru, toh ka lissafa fanel akan kwano a Bauchi watan Afrilu da zai iya haura digiri 60. Don haka in kana ɗaurawa kar ka manna shi da kwano, ka ɗaga shi ka bar tazara iska ta dinga ratsawa ta ƙasa, lokacin hunturu kuma ka gaya wa kwastoma ya dinga goge ƙura da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, kar ya watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana.