A gida yana kiyaye cinsa, amma tafiyar gidan caca tana neman rushe komai

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mijina ya haura shekara 45. Bara aka gaya masa sukarin jininsa ya fara hawa, ko da yake bai kai ciwon suga ba tukuna, kuma yana shan maganin hawan jini. A gida yana ƙoƙari sosai, ya rage zaƙi, yana tattaki da yamma, har ya sauke kilo shida. Damuwata ita ce duk bayan 'yan watanni sai su haɗu da abokansa su tafi wani otal mai gidan caca, su yi kwana huɗu suna buga kartar poka. In ya dawo sai sikeli ya nuna ƙarin kilo uku, ƙafafunsa a ɗan kumbure, ya wuni yana barci, abu kaɗan ya hasala. Da na yi magana sai ya ce poka ba caca ba ce, wasan ƙwarewa ne, kuma iyakar hutunsa ke nan. Shin kwana huɗun nan suna ɓata wahalar da ya sha? Kuma maganar ƙwarewar nan gaskiya ce?

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da kilo ukun nan, don shi ne mafi sauƙi a cikin abin da kika kawo. Kafin jiki ya tara kilo ɗaya na kitse, sai mutum ya ci rarar kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) wajen 7,700 a kan abin da jikinsa yake ƙonawa. Kilo uku ya haura kalori 23,000, wato rarar kusan 6,000 kullum har kwana huɗu, ban da abincin da ya saba ci. Da wuya ya kai haka. Mafi yawan abin da kike gani a sikeli ruwa ne. Abincin otal gishiri ya yi masa yawa, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Sannan idan mutum ya ci sitaci da zaƙi fiye da kima, hanta da tsoka suna adana shi, kuma kowane giram da aka adana yana tafiya da ruwa wajen giram uku. Ki bar shi ya koma cinsa na gida da tattakinsa, a sake awo bayan mako guda da safe kafin karin kumallo. Abin da ya saura a lokacin shi ne ƙarin gaskiya, kuma za ki tarar bai kai na ranar farko ba. Sai dai ɗan abin da ke saura, in yana maimaituwa sau da yawa a shekara, shi ne ke cinye kilo shidan a hankali.

Kumburin ƙafa kuma a kula da shi. In ƙafafu biyu ne suka ɗan tasa, suka sace cikin kwana ɗaya ko biyu, dogon zama ne da gishiri. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura, tana zafi, tsokar bayan ƙwaurinta tana ciwo, ko numfashi ya fara yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tafi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa biyu bayan tafiyar awa huɗu a zaune, shi kuwa mai gidanki yana haɗa zaman tafiya da zaman tebur.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne barcin nan da yake wuni yana yi in ya dawo. Alama ce ta cewa a can ba ya barci, kuma daga nan sauran matsalolin suke tsirowa. Gidajen caca da yawa ba su da agogo a bango, ba su da tagar da za ka ga rana ta faɗi, fitilu iri ɗaya ne dare da rana. Mutumin da a gida ƙarfe goma ta same shi a kwance, a can sai ya ɗaga kai ya ga ƙarfe uku na dare, bai san lokacin da ta yi ba. Da gangan aka tsara haka, domin duk awar da ya ƙara a kujera riba ce ga masu gidan.

Rashin barci yana taɓa ciki kai tsaye. A 2004 masu bincike a Jami'ar Chicago sun taƙaita barcin wasu samari masu lafiya zuwa awa huɗu har dare biyu. Sinadarin leptin, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin mai tayar da yunwa ya ƙaru da kashi 28. Kuma ba kwaɗayin ganye ya kama su ba, zaƙi da gishiri da sitaci suka riƙa nema. Ƙarancin barci yana kuma rage yadda jiki ke jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, abin da mai sukarin da ya fara hawa ba ya buƙata ko kaɗan. To ki dubi yadda ranarsa take kasancewa. Ya tashi da hantsi, karin kumallo ya wuce shi. Ya zauna a tebur, ba ya son tashi don kada hannu mai kyau, wato rabon kati mai ƙarfi, ya wuce, sai kofi da lemon gwangwani da ma'aikata ke zagayawa da su. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ita ce kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Gwangwani biyu sun ƙetare iyakar. Can tsakar dare yunwa ta ci ƙarfinsa, ya nufi wurin abincin ɗebi-da-kanka, ya cika faranti da soye-soye, ya koma ya ƙara, ya kwanta a kai. Wannan ba raunin zuciya ba ne kawai. Mutum mai yunwa da gajiya a gaban abinci marar iyaka, ko wane ne shi, haka zai yi.

Yanzu maganar ƙwarewa. Hukuncin caca a addini sananne ne, kuma ba shi kika tambaye ni ba, don haka zan tsaya a kan lissafi. Mijinki yana da gaskiya ta fuska ɗaya. A wasanni irin su rulet, wasan juya faifai mai lambobi, da gidan kake karawa, kuma an riga an tsara lissafin yadda gidan zai ci: kashi 2.7 cikin ɗari na duk abin da aka zuba a faifan Turai, kashi 5.26 a na Amurka. A poka kuwa 'yan wasa junansu suke ci, kuma wanda ya fi iya lissafi da karanta mutane yana fin wanda bai iya ba idan aka daɗe ana bugawa.

Amma wannan “idan aka daɗe” ɗin ba kwana huɗu ake nufi ba. A nau'in da aka fi bugawa, Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu, a shimfiɗa biyar a tsakiya. Hannun da ya fi kowanne ƙarfi a farko shi ne kati biyu masu harafin A, kuma yana zuwa ne sau ɗaya cikin rabo 221. Duk da ƙarfinsa, in ya haɗu da wanda ke riƙe da wasu tagwayen kati aka zuba komai, yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin biyar. A tebur ana raba hannu 25 zuwa 30 ne a awa. Ko ya yi awa goma kullum, tafiyar gaba ɗaya hannu dubu ne da 'yan kai, kuma a wannan adadin sa'a ce ke da babbar murya. Gwani yana iya dawowa hannu rabbana, ɗan koyo ya dawo da riba ya ɗauka shi gwani ne. Wanda ya ci kuɗi a tafiyarsa ta farko shi na fi jin tsoro a kansa.

Sannan gidan ba ya buga poka da kai, amma ba ya asara. Yana yankar kamasho daga kusan kowane tarin kuɗin da aka zuba a tsakiya, sau da yawa har kashi 10 cikin ɗari zuwa wata iyaka. Ga misali don ki gani: mutum tara sun zauna, kowa ya zo da dala 300, jimla 2,700. A ce ana yankar dala huɗu a kowane hannu, hannu 30 a awa. A awa goma dala 1,200 ta bar teburin ta shiga aljihun gidan. Saboda haka bai isa mutum ya kai sauran iyawa ba, dole ya fi su da tazarar da za ta biya kamashon, sannan otal da abinci da kuɗin tafiya. A gasa ma haka abin yake. Babbar gasar poka ta duniya da aka fara a birnin Las Vegas na Amurka a 1970, kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. Kowa yana ba da labarin Chris Moneymaker, akawun da ya ci dala miliyan 2.5 a 2003, ba a ba da labarin sauran. A irin waɗannan gasa, kashi 10 zuwa 15 ne kacal na mahalarta ke komawa gida da wani abu.

Ga kuma hujjar da nake so ki kai masa, don daga bakinsa ta fito. In poka wasan ƙwaƙwalwa ce, to da wace ƙwaƙwalwa yake bugawa? Wani bincike da aka yi a Ostiraliya a 1997 ya gano cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, aikin hankalinsa yana raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, matakin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi a kai. Wanda bai yi barci ba yana hango riba ya raina haɗarin asara. Ga shi kuma ɗan Adam yana jin zafin asara kusan ninki biyu na daɗin riba, kamar yadda masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna. Haɗuwar waɗannan biyun ce ke sa mutum ya ƙi tashi da ƙarfe biyun dare, wai sai ya maido abin da aka ci masa, garin neman gira ya rasa ido. Mai hutu ba ya dawowa gida a gajiye yana faɗa da iyalinsa.

Ra'ayina a fili shi ne ya nemi wani hutun da abokan nasa, kuma in da yana gabana haka zan gaya masa. Amma babba ne, kuma in ya dage sai ya je, akwai abin da zai rage ɓarnar. Ya tsayar da lokacin tashi daga tebur tun kafin ya zauna, ya sa ƙararrawa a waya, ya samu barcin awa bakwai. Ya ci abinci sau uku a lokutan da ya saba a gida, kada ya tsallake na safe. Ƙwai, kifi ko nama marar kitse, wake, da ganye rabin faranti, faranti ɗaya kuma a zaune nesa da wurin ɗiba. Ya riƙe gyaɗa marar gishiri ko 'ya'yan itace a aljihu, ruwa ya zama abin shansa a tebur. Kofi ya tsaya daga azahar, domin bayan awa biyar rabin kafeyin ɗin yana nan a jini, kuma yawansa yana ɗaga hawan jini. Duk awa ɗaya ya miƙe ya taka na minti biyar. Maganin hawan jininsa ya sha a kan agogo, don a irin wannan tafiya ne ake mantawa da shi. Kuɗin da ya yarda ya rasa kaɗai zai ɗauka, a hannu, katin banki ya zauna a gida.

Akwai inda abin ke wuce sha'awa ya zama cuta. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa matsalar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 1.2 na manya a duniya suna fama da ita. Akwai tambayoyi biyu da muke fara tantancewa da su: ya taɓa jin sai ya ƙara yawan kuɗin da yake zubawa kafin ya ji daɗin wasan? Ya taɓa ɓoye wa na kusa da shi gaskiyar abin da ya kashe? E ɗaya ta isa a zauna da likita. Ki lura kuma ko tafiyar tana ƙara yawa, ko ya fara bugawa a waya tsakanin tafiya da tafiya, ko ana cin bashi, ko wani abu ya ɓace a gida ba bayani. In ya taɓa furta cewa ya gaji da rayuwa bayan asara, kada ki ɗauke shi magana, a nemi taimako nan take. Ki duba magungunansa ma: pramipexole da ropinirole da ake bayarwa don cutar karkarwar jiki ta Parkinson da ƙaiƙayin motsa ƙafa da dare, da aripiprazole na lalurar ƙwaƙwalwa, an san suna iya tayar da sha'awar caca ga wanda bai taɓa damuwa da ita ba. Kada ya daina sha da kansa, likitan da ya rubuta zai sauya.

Kada ki tayar da zancen ranar da ya dawo, a gajiye yake kuma a shirye yake ya kare kansa. Ki bari sai ya huta kwana biyu, ki fara da abin da kika gani a jikinsa, ki nemi abu guda: ya rubuta duk abin da kowace tafiya ta ci da abin da ta kawo, har da otal da abinci, ku duba tare. Ya kuma auna hawan jininsa da sukarin safe kafin ya tafi da washegarin dawowarsa, ya kai wa likitansa lambobin. In ya yarda da waɗannan, akwai inda za a fara. In ya ƙi nuna miki lissafin kuɗin, ki ware kuɗin abinci da na makarantar yara da na haya a asusun da ba ya taɓawa shi kaɗai, kada ki biya masa bashin caca, sannan ki je ki ga likita ko mai ba da shawara ko da shi bai yarda ya bi ki ba.