Yaya Ake Gano Cibiyar Nauyin Abu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar sakandare ce. A darasin fiziks an ba mu kwali da aka yanka shi a karkace, ba murabba'i ba, ba da'ira ba, aka ce mu nemo cibiyar nauyinsa. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yata, cibiyar nauyi ita ce gurbin da in kika ɗora abu a kan yatsa zai tsaya cak, bai rinjaya ko'ina ba, kamar duk nauyinsa ya taru a nan. Ta rula tana tsakiyarta. Ta alwatika kuwa, ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarta, mahaɗarsu ita ce. Masanin nan Bagirke, Arkimidis, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, tuni ya tabbatar da haka.

Kwalinki dai sai an bi shi da dabara. Huda ramuka uku a bakin-bakinsa, nesa da juna. Kafa ƙusa a jikin katako, ki rataya shi ta rami ɗaya. Ramin ya ɗan fi ƙusar faɗi, don kwalin ya samu yin lilo. A nan yawancin ɗalibaina suke tuntuɓe: su matse ramin, kwali ya maƙale, sakamako ya lalace. Sai ki ɗaura ɗan dutse a zare ki sargafa a ƙusar, yadda magina ke duba miƙewar bango. In komai ya natsu, ɗiga alama biyu a bayan zaren, ki sauke ki ja layi. Maimaita da sauran ramukan.

Dalilin shi ne, abin da aka rataye ba ya natsuwa sai cibiyar nauyinsa ta dawo daidai ƙarƙashin marataya. Ke nan kowane layi ya ratsa ta. Layi biyu sun wadatar, na ukun shaida ne. In bai bi ta mahaɗar ba, akwai kuskure, a sake.

Kada ki ɗauka dole cibiyar ta kasance a jikin abin. Ta awarwaro tana tsakiyar ramin, inda ba komai sai iska. A gida ma gwada da muciya: ɗora ta a kan yatsu biyu, ki riƙa matso su a hankali. Za su haɗu kusa da ɓangaren da ya fi kauri, ba a tsakiya ba.